Safar Hannun Baba, Wari Ɗaya

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma muka mayar da Baba ranar wata Talata bayan azahar, a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Panshekara. Kwana uku gidan bai huta ba. Maza suna rumfar da aka kafa a ƙofar gida, mu mata muna tsakar gida tare da Inna, muna amsa "ya haƙuri" har muryata ta dishe. Abin da aka faɗa a waje, Yaya ne yake shigo mana da shi, shi ne babba a ɗakinmu. Na kasa kunne sosai, domin akwai magana guda ɗaya da nake jira. Limamin unguwa ya ce sahun farko ya yi rashi. Abokan aikinsa na gadi a Sharada suka ce ba a taɓa kama shi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa ba. Wata maƙwabciya ta rantse bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, abin da ba gaskiya ba ne, don Baba ya iya faɗa, kunnuwana shaida ne. Kowa ya ajiye tasa shaidar ya tafi, har aka naɗe tabarmi babu wanda ya ce mutumin nan ɗan wasa ne.

Wanda ya kusa faɗa wani dattijo ne mai haƙar yashi a kogin Challawa. Ya nemi izini ya tsaya a bakin zaure don ya gaishe da Inna, ya ce wata damina ruwa ya taso ya tsare shi a kan tudun yashi a tsakiyar kogi, mutane sun cika bakin gaɓa suna salati, an rasa mai shiga.

"Sai mai gidan nan ya ce a kawo igiya," in ji shi. "Ya ɗaura mata dutse, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai shirin tsallake kwata, ya jefo. Hajiya, nisan nan ko tsuntsu sai ya huta a hanya. A ƙirjina dutsen ya sauka. Da hagu kuma ya jefa, ina kallo."

Mata suka ce ikon Allah, suka ce Allah Ya sa igiyar nan ta ja shi zuwa Aljanna. Na amsa da amin, amma raina ya sosu. Ikon Allah ne, ba musu, sai dai babu wadda ta tambaya inda hannun ya koyi wannan jifa.

To ni zan faɗa. Baba ɗan wasan besbol ne. Wasa ne da mutum ɗaya yake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani yana tsaye da kulki yana son ya maka ta, wani kuma yana tsugune a bayansa yana cafewa. Baba shi ne mai jifa. Ba wasan yamma na ɗebe kewa ba, sana'a ce, an biya shi ya yi ta, har ƙasar Japan ya je ya yi ta shekara uku. Gidan da aka zauna zaman makokinsa a ciki, hannun nan ne ya gina shi.

Na san yadda maganar take sauka a kunne, domin na gani a fuskar 'ya'yan Yaya. Ranar sadakar uku na tara su na faɗa musu. Babban cikinsu, mai karatu a jami'a, ya zaro waya ya rubuta sunan kakansa ta kowace fuska, bai sami komai ba. Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa gwaggon da baƙin ciki ya taɓa. Yaya ya ce, "Ke ma dai. Cewa ya je Japan, ya je. Amma ko ƙwallo ya je yi ko shara, wa ya sani? Ki bar mutum ya kwanta da mutuncinsa."

Hotunan da ya dawo da su daga can gara ta cinye su tun shekarar da rufin ɗakin Inna ya yi yoyo. Rigar wasan ta tsufa ta zama tsumman goge ɗaki. Filin da ya fara wasa a Bompai yanzu sito ne, tireloli ke kwana a inda yake tsayawa ya yi jifa. Abokan wasansa duk sun riga shi gidan gaskiya. Shaida ɗaya ta rage a duniya, safar hannunsa ta fata, ni kaɗai kuma na san inda take, don ni na ajiye ta. Na ƙudura a raina ranar sadakar bakwai zan fito da ita in ajiye a gaban Yaya da 'ya'yansa. In babu ita, abin da zai rage wa jikokinsa shi ne kakansu maigadi ne mai yawan labari.

Baba bahago ne. Yanzu ba wani abu ba ne, amma a ƙauyensu na bakin Challawa a wancan lokaci abin kunya ne. Gwaggo, yayarsa, har yau da alfahari take ba da labarin yadda mahaifiyarsu take ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da ɗankwali in za a ci tuwo, da yadda malamin allo ya karya masa tsumagiya a kan yatsu. Ya koyi ci da dama, rubutu da dama, miƙa kaya da dama. Jifa kaɗai ta ƙi komawa, don ba a gaban manya ake yin ta ba. A gona yake yi, in an tura shi korar tsuntsaye daga dawa.

Da ya zama saurayi ya sami aikin dako a wata masaƙa a Bompai, inda injiniyoyin 'yan Japan ne. Suna da fili a bayan masaƙar, in jiniyar tashi ta yi sai su sa huluna su yi wasansu, leburori suna leƙe ta waya suna dariya. Wata rana ƙwallon ta tsallake katanga ta faɗo kusa da Baba. Ya ɗauka ya mayar musu. Yakan ce shi dai mayarwa ya yi, bai san ya yi wani abu ba, sai ya ga wanda ya cafe yana yarfe hannu, sauran sun yi cirko-cirko. Babban injiniyan ya fito da kansa ya kama masa hannun hagu yana jujjuya shi kamar mai taya rago.

"Na ɗauka duka zan sha, Uwata," yakan ce min. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. "Hannun da aka yi ta dukana a kansa, ga wani ya zo daga ƙarshen duniya yana shafa shi. Ashe a wasansu bahago tsada gare shi, don mai kulki bai saba ganin ƙwallo ta fito ta wannan ɓangaren ba."

Daga ranar aka cire shi daga dako. Sunansa yana cikin ma'aikata, amma aikinsa jifa. Da injiniyan zai koma gida, ya tafi da shi wurin wata ƙungiya a wani ƙaramin gari. Labaran can ba sa ƙarewa a bakin Baba. Shinkafa ba mai ba yaji, sai ka ce ta marar lafiya. Sanyi mai shiga haƙori. 'Yan wasa suna rusuna wa fili kafin su shiga, shi kuma ya ce musu ruku'u na Mai sama ne, sai dai ya cire hula, suka yarda, har 'yan kallo suka riƙa cire tasu in ya fito. A shekara ta uku kafaɗa ta tafi. Ya ce ji ya yi kamar an tsinke zare a ciki, daga nan jifa goma sai ya kwana biyu bai iya ɗaga buta ba. Suka sallame shi da mutunci, ya dawo ya sayi fili a Panshekara, ya auri Inna. Masaƙar ta rufe daga baya kamar sauran 'yan uwanta, shi kuma ya kama gadi a Sharada har ƙarfinsa ya ƙare.

Safar ita ce ya dawo da ita. Ƙatuwa ce, ja mai duhu, yatsunta kamar ayaba, an ɗinke tsakanin babban yatsa da manuni da igiyar fata. Ɗaya ce tak, haka ake yin ta, domin hannu ɗaya ne yake cafewa, ɗayan yana jifa. Ta Baba ta hannun dama ce. A kan ƙusa take rataye a zaure, inda wasu suke rataye carbi ko kalanda.

Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na kula ta. Yaya ƙwallon ƙafa ce tasa. Ni kuwa tun ina 'yar shekara bakwai nake tsugunawa a bakin rijiya in zura hannuna a ciki, ta haɗiye ni har gwiwar hannu, Baba ya tsaya a ƙofar kicin ya jefo. Ƙwallayensa sun ƙare tun tuni, da lemo muke yi, wanda ya fashe mu sha. Yakan ce, "Kada ki rufe ido, Uwata. Wanda ya rufe ido shi ake samu a hanci." Inna tana daka tana mita, wai za a mayar mata da 'ya namiji, kuma lemon sayensa ake yi. In ya ji daɗin cafewata sai ya cire hula ya ɗaga min. Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba, har yau da nake da 'ya'ya huɗu.

Amma Baba yana da hali, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ba a shiga zaurensa a fita lafiya. Mai karanta mita, mai tallan magani, wanda ya ɓata hanya yana tambayar gidan wani, duk sai ya zauna ya ji Japan. Ya sauko da safar, ya sa maka a hannu, ya tashi ya gwada maka yadda ake ɗaga ƙafa, babbar riga tana rinjayarsa. Samarin unguwa suka sa masa suna Ɗan Japan. In ya wuce sai su ɗaga ƙafa ɗaya a bayansa. Shi bai gani ba, ko ya gani ya share. Ni na gani, na kuma girma ina gani, har abin da nake alfahari da shi ya koma abin da nake sunkuyar da kai a kansa.

Ga laifina. Lokacin da za a zo neman aurena, dangin mijina mutanen Hotoro ne, gidan malamai da manyan ma'aikata, masu magana a hankali. Da safen ranar na sami Baba a zaure yana kakkaɓe tabarma, na ga ya goge safar ya gyara mata zama a kan ƙusa.

Na ce, "Baba, don Allah yau kada ku yi musu labarin nan."

Ya ce, "Wane labari?"

"Na ƙwallo. Ku cire ta daga nan ma. Mutane dariya suke yi muku, Baba, ku ba ku sani ba. Kuna ɗaga ƙafa kamar yaro, kuna wurgi da hagu a gaban baƙi. Ni nake jin kunya."

Na yi zaton zai yi faɗa, na ma shirya wa faɗan. Sai ya ajiye tsintsiyar da ke hannunsa. Ya miƙa hannu ya sauko da ita, ya ba ni da hannu biyu.

"Uwata ta farko ta ɗaure hannun," ya ce. "Ta biyu ta karɓe safar. To, ba a musu da uwa. Kai ta inda ba za ta ba ki kunya ba."

Na kai ta ɗakin shirgi, na cusa a cikin buhun da ake tara tsofaffin kayan aikinsa, kakin gadi da manyan takalma da hular kwano, na ɗaure bakin buhun. Baƙi suka zo suka tafi suna yabon natsuwar surukinsu. A raina na ce bayan biki zan mayar da ita kan ƙusa. Bayan biki na ce sai na zo wankan gida. Shekara goma sha huɗu ke nan. Bai sake yi wa kowa labarin Japan ba, ko ni. In na zo gida mukan gaisa, ya ɗauki jikoki, ya tambayi maigidana, ƙusar tana nan tsirara a bango, ni da shi muna kauce mata da ido. Na lallashi kaina da cewa ya manta, tsufa ya zo, abin ya fita daga ransa. Sau da yawa na buɗe baki zan ce ya yafe min, sai in ga kamar tono abin da ya kwanta ne. A asibiti ma, kwana biyu kafin ya cika, na riƙe hannun nan na hagu, ya bushe kamar kara, abin da ya fito daga bakina shi ne ko zai sha kunu.

Ranar kwana biyar da rasuwa na shiga ɗakin shirgi. An share shi tas. Babu buhu.

Na fito tsakar gida ina tambaya kamar wadda ɗanta ya ɓata a kasuwa. Gwaggo tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ce ita ta share, Yaya ya ce tsummokaran mamaci a bayar sadaka ladan ya isa gare shi, ta ba maƙwabcinmu mai tura ruwa buhun gaba ɗaya.

"Gwaggo, akwai safar hannu a ciki, ta fata."

"Wannan wari ɗayan? Na gan ta. Na zazzage buhun kaf ina neman 'yar'uwarta ban samu ba. Na ce ta masu walda ce, ɗayar ta ɓata. Me za a yi da safa wari ɗaya?"

"Haka take, Gwaggo. Ɗaya ake yin ta. Ita ce ta wasansa."

Ta ɗago ta dube ni. Ita dama ko a da, da Baba ya fara labarin take tashi ta bar wurin, ba ta taɓa riƙe abin a hannunta ba. Ta ce, "To me ya kai ta cikin takalman gadi?"

Inna tana ƙofar ɗaki cikin takaba, carbi a hannu, ta dube ni sau ɗaya ta mayar da kanta ƙasa. Ta san wanda ya kai ta.

Na zari mayafi na fita. Mai tura ruwa na same shi a bakin famfo sanye da takalman Baba. Ya ce kaki da takalma sun yi masa daidai, Allah Ya kai ladan. Safar kuwa ya gwada ta a hannun kurarsa ta ruwa, ta yi masa nauyi, kuma wari ɗaya ce, sai ya ba wani baduku mai gyaran takalma da ke zama a ƙofar wani kamfanin fata a Challawa, tun shekaranjiya. Bai san sunansa ba, bai kuma riƙe sunan kamfanin ba, ya ce dai akwai bishiyar darbejiya a wurin.

Wanda ya san Challawa ya san kowace ƙofa da darbejiyarta. Na hau adaidaita, muka bi layi-layi, warin jima yana shiga har cikin ciki, tireloli suna tura mu gefen kwata. Ƙofa huɗu na sauka ina tambayar masu gadi da masu sayar da abinci, ina kwatanta abin da hannuna, suna kallona. A hanya babu alkawarin da ban yi wa Allah ba. Na ce in na same ta zan rataye ta a falon gidana inda dangin mijina suke zama, zan yi labarin Japan ga duk wanda ya shigo, zan ɗaga ƙafa in gwada musu in ta kama.

A ƙofa ta biyar na gan shi, dattijo mai farin gemu, a kan buhu, takalma zube a gabansa. Tun kafin in yi sallama na hango launin. Jan nan mai duhu yana jikin wani takalmi da ke hannunsa, an yanka shi murabba'i, basilla tana ratsa shi.

Na tsuguna a gabansa. Na ce, "Malam, safar da aka kawo muku, ta babana ce."

Ya ajiye basillar. Ya ɗaga wani tsumma a gefensa. Abin da ya rage babban yatsa ne, da guntun bayan hannu, da igiyar fata da ya warware ya naɗe.

"Wayyo, Hajiya. Da kin zo jiya da safe. Cewa aka yi ba ta da amfani, wari ɗaya ce."

"Sauran fa? Ina waɗanda kuka yi wa faci? Zan saya musu sababbi su ba ni."

Ya nuna ƙofar kamfanin da haɓa. Daidai lokacin aka tashi aikin safe, mutane suna ta fitowa, ɗaruruwa, kowa yana sauri ya kama mota. Ya ce ya yi wa mutum bakwai ko takwas, bai san sunan ko ɗaya ba, wasu ma direbobin tirela ne da suka riga suka kama hanyar Legas. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofar, matar aure da mayafi, ina bin ƙafafun maza da kallo ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya zama babu kowa sai maigadi. Ban ga ko ɗaya ba.

Da na dawo na tarar ya naɗe min ragowar a takarda. Na zaro kuɗi ya ture hannuna. Sai ya sake buɗe takardar, ya ɗauki babban yatsan ya lanƙwasa shi, ya sake shi, ya miƙo min kusa da hanci.

"Ni dai shekarata hamsin ina taɓa fata, ban taɓa yanka irin wannan ba, sai da hannuna ya yi nauyi. Ta girme ki, amma ji laushi. Fata in aka yar da ita shekara biyu bushewa take ta tsage. Wannan kuwa ba a taɓa barinta ba. Shaƙi ki ji, man kaɗanya ne. Har cikin ɗinkin an bi da yatsa an shafa. Shafawar ƙarshe ba ta fi wata ɗaya ba."

Na shaƙa. Man kaɗanya ne, sabo. Wata ɗaya da ya wuce Baba da bango yake dafawa ya je banɗaki. Ashe haka yake jan jiki ya shiga ɗakin shirgi, ya kwance buhun da na ɗaure, ya shafa mata mai, ya mayar da ita inda na ajiye ta, ya ɗaure. Shekara goma sha huɗu, bai fito da ita ba ko sau ɗaya, don uwarsa ta hana.

Badukun bai san nauyin abin da ya faɗa min ba. Ban gaya masa an yi rasuwa ba, mai tura ruwa ma bai gaya masa ba. Ya ce, "Ki ba tsohon haƙuri, ki ce ban sani ba ne. Ki kuma gaishe min da shi. Ki ce wani baduku a Challawa ya ce ya iya riƙon abin da yake so."

Bakina ya riga ni, ya ba da amsar da aka saba bayarwa. Na ce, "Zai ji."

Ya Allah, Ka sa ya ji. Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka isar masa da wannan gaisuwar, tare da tawa da ban faɗa ba.